Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Likitancin Haƙori Kan Koyar Da Ciwon Muƙamuƙi Da Cizon Haƙora

Zuwa ga shugabannin makarantun koyon likitancin haƙori, da hukumomin da ke tsara musu manhaja, da malaman da ke shirya jarrabawar fita.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, ina gaishe ku gaisuwar ɗalibi ga waɗanda suka koya masa riƙon madubi da allura. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya da basira. Ni likitan haƙori ne, shekarata 14 ke nan a bakin aiki, kuma a 'yan shekarun nan ina cikin masu karɓar sababbin likitoci idan sun fito daga hannunku. Da yawunsu nake magana, domin nauyinku suke ji, ba za su iya faɗa muku abin da zan faɗa ba. Ina kuma magana da yawun masu fama da ciwon gaɓar muƙamuƙi da na tsokokin tauna, da masu cizon haƙora dare da rana, waɗanda ke yawo daga wannan likita zuwa wancan ba tare da an gaya musu sunan abin da ke damunsu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da wannan niyya na ɗauki alƙalami.

A makon da ya shige wata ƙaramar likita da ke samun horo a hannuna, yarinya mai ƙwazo wadda cikonta ba shi da makusa, ta kawo mini wani mutum da ke kukan ciwo a gaban kunnensa duk lokacin da yake tauna. Na ce ta danna mini tsokokin taunarsa, ta auna buɗewar bakinsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Yallaɓai, an karanta mana shi a aji, amma ban taɓa ganin an yi ba." Ban ga laifinta ba, domin ni ma haka na fito.

A shekarata ta biyu da fara aiki wata mata, ba ta kai shekara 40 ba, ta zo mini da ciwo a matauninta na ƙasa ta hagu. Hoton da na ɗauka bai nuna komai ba sai wani tsohon ciko. Na cire shi na sa sabo, ciwo bai tafi ba. Na kashe jijiyar haƙorin na cike saiwarsa, zama uku muka yi, na yi aikin da iyakar iyawata, ciwo yana nan. Ta je wani wuri aka cire haƙorin ɗungurungum, sai ciwon ya koma na kusa da shi. Da ta dawo, wani babban abokin aikina da ya yi ƙarin karatu kan ciwon fuska ya sa yatsa ya danna tsokar kumatunta, wadda ke tasowa daga ƙashin kunci ta sauka a kusurwar muƙamuƙi. Matar ta zabura ta ce, "Nan ne, ga ciwon haƙorin ya taso." Bai kai minti biyar yana duba ta ba. Ashe tsokar ce ke ciwo tana aika zafin zuwa haƙori, abin da littattafai suka daɗe da bayyanawa. Da aka ɗora ta kan gashi da ruwan ɗumi, da motsa muƙamuƙi a hankali, da daina datse haƙora da rana, cikin 'yan makonni ta samu sauƙi sosai. Haƙorin kuwa ya tafi ke nan. Alhakin abin da hannuna ya yi yana wuyana, ba na ɗora wa kowa. Amma gaskiya ita ce na yi duk abin da aka koya mini, kuma cikin abin da aka koya mini babu danna tsoka kafin a kunna injin huda haƙori.

Ƙorafina na farko shi ne wannan fanni ba shi da mai shi a makarantu da dama. Kun fi ni sanin yadda gaɓar take, amma tunda wasiƙar buɗaɗɗiya ce bari in ɗan yi bayani saboda mai karatu. Gaɓoɓi biyu ne, hagu da dama, a gaban kunnuwa, inda ƙashin muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai. Ƙashi ɗaya ya haɗa su, don haka ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. Tsakanin ƙasusuwan akwai wani ɗan faifai mai kama da guringuntsi, kuma gaɓar tana juyawa a wuri ɗaya sannan ta zame gaba idan baki ya buɗe sosai. Ɗalibi yakan haddace wannan a shekarunsa na farko don ya ci jarrabawar sassan jiki. Daga nan sai maganar ta watse. Sashen haƙoran roba ya taɓa ta ta fuskar yadda haƙora ke haɗuwa, sashen tiyata ya taɓa ta ta fuskar karaya da gocewa, masu daidaita haƙora da waya su faɗi tasu, kowa da bayaninsa, wani lokaci ma bayanan suna karo da juna. Babu malami guda da za a nuna a ce shi zai tabbatar ɗalibi ya iya duba mai wannan ciwo daga farko har ƙarshe.

Kafin ɗalibi ya fita sai ya cika adadin ciko, da adadin haƙoran da ya cire, da adadin haƙoran roba, kowane da sa hannun malami. A ina ne ake neman sa hannu kan muƙamuƙin da ya duba? Ɗalibi kuwa abin da za a tambaye shi a jarrabawa shi yake sa wa ido. Ga shi ciwon ba baƙo ba ne. Cibiyar binciken haƙori da fuska ta Amurka ta ƙiyasta yana shafar tsakanin mutum 5 zuwa 12 cikin 100, kuma ya fi kama mata. Babban binciken nan mai suna OPPERA, wanda aka fara a 2006, ya bi sawun mutanen da ba su da ciwon, ya samu kusan 4 cikin 100 suna kamuwa a kowace shekara. A 2020 majalisar masana kimiyya da lafiya ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman, ta ce ciwon muƙamuƙin da muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, wato TMD a Turance, cututtuka ne fiye da 30, ta kuma bayyana ƙarara cewa horon da likitoci ke samu a kansu bai isa ba. Ko ina likitan haƙori ya buɗe ƙofa, waɗannan mutane za su shigo masa.

Ƙorafi na biyu shi ya fi ci mini rai, domin wanda aka koya wa tsohon zance ya fi wanda ba a koya wa komai ba haɗari. Na farkon yana aiki ne da cikakken yaƙini.

A 1934 wani likitan kunne a birnin St. Louis na Amurka, James Costen, ya ba da bayanin wasu marasa lafiya masu ciwon kunne da na muƙamuƙi, ya danganta abin da rasa matauni da rufewar baki fiye da kima. Daga nan tunani ya kafu cewa tushen ciwon muƙamuƙi shi ne rashin daidaiton haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa. Shekaru da yawa aka yi ana gini a kan wannan: a goge saman haƙoran lafiya don su zauna daidai, a sa wa haƙora hula daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaura waya shekara biyu, wani ma a kai shi ɗakin tiyata. Da aka zo aka gwada wannan tunani da bincike mai tsari, bai tsaya da ƙafafunsa ba. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2003 bai samu hujjar cewa goge haƙora yana warkar da ciwon ko yana hana shi ba. Mutane da yawa haƙoransu a karkace suke amma muƙamuƙinsu lafiya lau, wasu kuma haƙoransu a jere kamar an zana amma ba sa iya hamma don zafi. Tun a 1996 taron da cibiyoyin lafiya na Amurka suka kira ya ba da shawarar a fara da magani mai sauƙi wanda za a iya janyewa, a guji duk abin da ba ya komawa yadda yake. Ƙungiyar masu binciken haƙori ta ƙasar ta sake jaddada haka a 2010, bisa dalilin cewa mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi da lokaci da kulawa mai sauƙi.

Duk da haka har yau ina karɓar sababbin likitoci da suke ɗauko takardar gwajin cizo da zarar sun ji an ce muƙamuƙi, suna neman haƙorin da ya yi tsawo su rage shi. Ba su ƙirƙiro wannan da kansu ba, a wani aji suka ji shi. Farin ɓawon da ke saman haƙori kuwa idan aka goge shi ba ya sake tsirowa.

Ina roƙon a riƙa ba ɗalibai labarin abin da ya faru da na'urar kamfanin Vitek, domin darasin da ke ciki ya fi lacca goma. A shekarun 1980 an riƙa cire faifan gaɓar muƙamuƙi ana maye gurbinsa da wani na roba mai Teflon. Robar ta riƙa farfashewa a cikin gaɓa, jiki ya taso yana yaƙi da ɓurɓushinta, ƙashi ya riƙa zaizayewa. A ƙarshen 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi aka janye ta, bayan dubban mutane, galibinsu mata, sun riga sun shiga wahalar da wasunsu ba su fita ba har ƙarshen rayuwa. Likitocin da suka dasa ta ba mugaye ba ne. Sun gaskata cewa faifan da ya goce dole a gyara shi. Daga baya hoton MRI ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ba sa jin ciwon komai faifansu a goce yake. Ɗalibin da ya san wannan ba zai tsorata mutum don gaɓarsa na yin ƙas idan ya buɗe baki ba. Zai tambaye shi ko da zafi, ko bakin na sarƙewa. Idan babu, ya kwantar masa da hankali ya sallame shi.

Na uku, cizon haƙora. Abin da yawancinmu muka fito da shi gajere ne: ka ga haƙora sun cinye, ka ce yana tauna haƙora cikin barci, ka yi masa robar dare, wadda ake sawa a kan haƙora lokacin barci. Ilimin ya wuce nan da nisa. Masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Frank Lobbezoo na Amsterdam, sun fitar da matsaya a 2013 da 2018 suka raba abin gida biyu. Na barci daban, na farke daban, kuma dalilansu da yadda ake tunkararsu sun bambanta. Suka kuma ce ga mai lafiya, cizon haƙora ɗabi'ar tsoka ce wadda kan iya jawo illa, ba lallai a kira ta cuta ba. Aikin Gilles Lavigne da abokansa a Montreal ya nuna na barci daga ƙwaƙwalwa yake tasowa: mutum yakan ɗan farka na daƙiƙoƙi ba tare da ya sani ba, bugun zuciya ya ƙaru, sannan tsokokin tauna su motsa. Don haka goge haƙori ba zai tsayar da shi ba. Robar dare ma kare haƙora take yi daga cinyewa, ba ta da tabbacin hana cizon.

Abin da ke biyo bayan rashin sanin wannan a fili yake. Likita ya ga haƙora sun cinye ya yanke hukunci nan take, alhali cinyewar tana iya zama ta shekaru goma da suka wuce, ko kuma tsami ne ya narkar da su, na abin sha ko na ciki mai tasowa zuwa baki. Ba ya tambayar magungunan da mutum ke sha, alhali an san wasu magungunan ciwon damuwa suna jawo cizon haƙora. Ba ya tambayar taba da giya da abubuwan da ke hana barci. Ba ya tambayar minshari, alhali wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci gwajin barci yake buƙata kafin a cusa masa roba a baki. Robar ma ba a koya masa bibiyarta ba. Wadda ta rufe wasu haƙora ta bar wasu, idan aka daɗe ana sa ta ba a dubawa, tana iya gusar da haƙora har bakin mutum ya daina haɗuwa yadda yake a da. Na ga haka da idona fiye da sau ɗaya.

Cizon haƙora na farke kuwa, wanda a ganina ya fi yawan jawo ciwon tsoka, kusan ba a ambatonsa. Mutum yana gaban kwamfuta ko yana tuƙi ko yana cikin tunani, haƙoransa a datse tun safe, bai sani ba. Da yawa sun ɗauka haka baki yake zama. Idan ka gaya musu cewa a lokacin hutu leɓɓa ne ke haɗuwa, haƙoran sama da na ƙasa akwai 'yar rata ta milimita biyu zuwa huɗu tsakaninsu, sai ka ga sun yi mamaki. Wannan bayani na minti biyu na ga ya yi wa mutane amfanin da roba ba ta yi musu ba. Iyaye kuma suna kawo yara a tsorace saboda ƙarar haƙora da dare, alhali a yara abu ne da aka saba gani kuma sau da yawa yana raguwa da girma. Ɗalibi ya cancanci ya san yadda zai amsa musu.

Na huɗu gajere ne amma da rai a cikinsa. Akwai cututtukan da ke zuwa da kamannin ciwon muƙamuƙi. Wanda ya haura shekara 50, muƙamuƙinsa na gajiya da zafi idan yana tauna, ga sabon ciwon kai a gefen goshi, yana iya zama kumburin jijiyar jini, wanda idan aka yi jinkiri yakan makantar. Ciwon zuciya yakan aiko da zafi zuwa muƙamuƙi, musamman idan yana tasowa da wahala ko hawan bene. Ciwon jijiyar fuska mai fizga kamar lantarki ya sa an cire wa mutane haƙoran lafiya ba adadi. Bakin da ke ƙara ƙin buɗuwa kullum, ko dindirisar leɓe da haɓa, yana iya zama ƙari. Yaro mai amosanin gaɓɓai na ƙuruciya cutar takan ci gaɓar muƙamuƙinsa a ɓoye har ta hana haɓarsa girma. Likitan haƙori ne sau da yawa mutum na farko da waɗannan ke gani. Idan bai san alamomin ba, zai yi musu roba ya ce su dawo bayan wata guda.

Na biyar ya shafi yadda muke kallon mai ciwon kansa. Horonmu horon hannu ne: ka ga rami ka cike, ka ga ruɓa ka cire, kuma ka ga sakamako a take. Ciwon da ya daɗe ba ya bin wannan hanya. Tun a 1992 Samuel Dworkin da Linda LeResche na jami'ar Washington da ke Seattle suka fitar da ma'aunin gano ciwon mai fuska biyu, ɗaya na duba jiki, ɗaya na duba yadda ciwon ya shafi barcin mutum da aikinsa da hankalinsa. Binciken OPPERA ya zo ya ƙarfafa wannan, domin cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai kamu akwai rashin barci mai kyau, da damuwa, da wasu ciwukan a sauran jiki. Shi ya sa za ka tarar mai ciwon muƙamuƙi yana kuma fama da ciwon ɓarin kai, ko ciwon baya, ko ciwon hanji. Likitan da ba a shirya shi ga wannan ba, idan ya duba hoto bai ga komai ba, ɗayan biyu yake yi: ko ya ƙirƙiro aikin da zai yi wa haƙori, ko ya ce wa matar, "Ba abin da ke damunki, tunani ne." Na sha jin mata suna maimaita mini wannan kalma da hawaye, shekaru bayan an faɗa musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zafin da take ji na gaske ne ko da hoto bai nuna shi ba, kuma iya faɗa mata haka, da yi mata bayanin yadda damuwa ke ƙara zafi ba tare da ta ji an ƙaryata ta ba, abu ne da ake koya kamar yadda ake koyon ɗinki.

Inda makaranta ta bar gurbi kuwa wasu ke cikewa. Sabon likita ya fito, ya ga masu ciwon sun yi masa yawa, sai ya nemi kwas na kwana biyu, sau da yawa wanda mai sayar da na'ura ya shirya. A can za a nuna masa injin auna cizo da alkawarin warkarwa, ko a koya masa allurar Botox mai sassauta tsoka kamar ita ce mafita ga kowa. Ba shi da ma'aunin da zai tantance gaskiya da talla, domin ba a ba shi ba.

Na san abin da za a ce, manhaja a cike take, malamai sun yi kaɗan. Gaskiya ne, na zauna a cikinta na sani. Sai dai abin da nake nema ba ya buƙatar gini ko inji. Kayan aikin su ne yatsu da rula da kunnen saurare. Ma'aunin da aka sabunta a 2014, mai suna DC/TMD, kyauta ake samunsa a intanet, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Ya faɗi inda za a danna, da nauyin dannawar, kilo ɗaya a kan tsoka da rabin kilo a kan gaɓa, da tambayar da za a yi: shin wannan zafin shi ne wanda ka saba ji? Wasu sun riga sun motsa. A 2020 Amurka ta amince da ciwon baki da fuska a matsayin fannin ƙwarewa na 12 a likitancin haƙori, kuma daga 2022 hukumar da ke tantance makarantun haƙori a can ta sa ciwon muƙamuƙi cikin abin da dole ɗalibi ya iya kafin ya fita. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A ba wannan fanni mai shi. Kowace makaranta ta naɗa malami guda, ko ƙaramin kwamiti, da zai tattara abin da sassa ke koyarwa ya daidaita shi, ta yadda ɗalibi ba zai ji magana ɗaya da safe ya ji kishiyarta da yamma ba. Aikinsu na farko shi ne su bi laccocin da ke akwai su cire duk inda ake koyar da goge haƙoran lafiya, ko ɗaura waya, ko sa hula, a matsayin maganin ciwon muƙamuƙi.

A sa duba muƙamuƙi cikin abin da ake sa wa hannu. Kada ɗalibi ya fita sai malami ya tsaya a kansa ya ga ya ɗauki tarihin ciwo, ya auna buɗewar baki da rula ya san cewa ƙasa da milimita 40 abin lura ne, ya danna tsokar kumatu da ta gefen goshi da gaɓar kanta, ya bambance ciwon tsoka da na gaɓa da na haƙori, a kan marasa lafiya na gaske. A kuma sa shi a jarrabawar fita ta aiki. Tambayoyi uku da masu bincike a Suwidin suka tsara, kan ciwo a fuska ko muƙamuƙi, da ciwo wajen buɗe baki ko tauna, da sarƙewar muƙamuƙi, ko suna faruwa sau ɗaya a mako ko fiye, a sa su a katin kowane marar lafiya a asibitin koyarwa. Ba sa cin minti ɗaya. Tare da su a kafa ƙa'ida ɗaya mai tsauri: haƙorin da gwaji bai tabbatar shi ne tushen ciwo ba, ba a kashe jijiyarsa, ba a cire shi, sai an duba tsoka da gaɓa.

A koyar da magani mai sauƙi da muhimmancin da ake ba tiyata. Jagorar da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2023 kan ciwon muƙamuƙi mai daɗewa ta fi ƙarfafa bayani da kwantar da hankali, da motsa muƙamuƙi ƙarƙashin kulawa, da tausar tsoka, da horon sauya tunani da ɗabi'a, ta kuma yi hani mai ƙarfi ga cire faifan gaɓa da robar da ke canza zaman haƙora har abada. Ɗalibi ya iya nuna wa mutum atisayen da hannunsa. Ya san yaushe roba ke da amfani, wace iri, da lokacin da za a dawo a duba ta. Ya kuma san wanda ya fi ƙarfinsa, ya tura shi gaba da wuri, domin akwai gaɓar da ta manne ko ta lalace wadda sai likitan tiyata.

A buɗe ƙofa ga sauran fannoni. Ko da 'yan kwanaki ne, ɗalibin haƙori ya zauna da likitocin gashin ƙashi, da na kunne, da na jijiyoyi, da masu duba matsalar barci, da masana halayyar ɗan Adam, su ma ɗalibansu su zo wurinmu. A gayyato mai fama da ciwon ya ba aji labarinsa da bakinsa.

A tuna da malamai da kuma mu da muka riga muka fita. Malami ba zai ba da abin da ba a ba shi ba, don haka a tura wasu su ƙware a dawo da su su koyar. Hukumomin da ke sabunta mana lasisi su sa wannan darasi cikin karatun da ake buƙata, a hannun jami'o'i, wanda babu mai sayar da kaya a bayansa.

Ina fata a zaman bitar manhaja na gaba za a sa wannan batu a jerin abin tattaunawa, a kuma sanar da abin da aka yanke a fili domin ɗalibai da marasa lafiya su gani. Idan ana buƙatar wanda zai zo ya tsaya da ɗalibai a asibitin koyarwa rana ɗaya a mako su duba muƙamuƙi tare, ni da wasu abokan aikina a shirye muke. Ƙaramar likitar da na ambata ta koyi dubawar cikin yini biyu, kuma jiya ita ta nuna wa wanda ya zo bayanta.

Allah ya taimake ku kan amanar da ke hannunku.

Wassalam.

Ɗalibinku na da,
Likitan haƙori, a madadin ƙananan abokan aikinsa da marasa lafiyarsa.